Ka sayo tsohon babur kana so ka farfaɗo da shi? Ajiye sufana tukuna

Babur na farko da na ce sai na dawo da shi sabo, cikin kwana biyu na yi masa filla-filla, tanki can, injin can, wayoyi a buhu, notuna kuwa gaba ɗaya na juye su a gwangwani guda don a lokacin gani nake ai ni na kwance, ta ina zan manta inda kowanne ya fito. Shekara biyu cur babur ɗin nan yana cikin kwalaye. Ranar da na tashi haɗawa ne ma na tuna ko sau ɗaya ban taɓa jin kukan injin ɗin ba, ban san ko giyarsa na shiga ba, kuma firam ɗin da na ɓata sati guda ina gogewa ina fenti ashe a ɗan karkace yake daga wuya. Tun daga nan na canja tsari, yanzu duk tsohon mashin da ya shigo hannuna sai ya tashi na ji muryarsa na san cutarsa, sannan in fara cire masa kaya. Ga yadda nake bi.

Tun kafin ka biya kuɗi

In ba ka riga ka saya ba, nemi irin wanda aka ƙera da yawa. Honda Super Cub tun 1958 ake yin sa, a 2017 ya haura guda miliyan 100, CG125 kuma tun tsakiyar shekarun 1970 yake, kuma dama an tsara injinsa ne don ya jure wa mutanen da ba sa yin sabis a kan lokaci, irin waɗannan ko gaskit kake nema ko fistin ko kebul ɗin kuloci ba za ka sha wuya ba. Su Suzuki AX100 da Yamaha RX100 kuma tu-sitirok ne, injinsu ba bawul ba tarkace, mai koyo zai iya da su. Amma ka tashi aikinka na farko ka ɗauko wani ƙato mai silinda huɗu da kafireta huɗu wanda aka yi na ɗan lokaci aka daina, gaskiya ban ba ka shawara ba, ƙaramar roba ɗaya za ta iya zaunar da kai wata uku.

Abu na farko da zan duba ba injin ba ne, lamba ce. Akwai lambar firam da aka buga a wuyan babur, wajen da kai yake juyawa, akwai kuma lambar injin, ka goge su da tsumma ka haska fitila ka gwada da abin da ke cikin takardu harafi bayan harafi. Daga 1981 aka fara daidaita lambar ababen hawa zuwa haruffa da lambobi 17, waɗanda suka girmi haka da ma wasu na bayan haka tasu gajera ce, wannan ba matsala ba ne. Matsala ita ce ka ga alamar an goge wurin da zarto ko an yi walda a kai ko haruffan ba su yi layi ɗaya ba. In ka ga haka ka kama gabanka ko da kyauta za a ba ka, don ba abin da ya kai takaici kamar ka gama zuba wahalarka a babur sannan a ce ba za a yi masa rajista ba, ko mai shi na asali ya bayyana.

Sai firam. Kafe babur ɗin a babban jak, koma baya kamar taku biyar ka tsuguna ka kalli tayar baya da ta gaba ko suna layi ɗaya. Dubi fentin da ke kewaye da wuya, in ya tsattsage ko ya yamutse to an taɓa yin karo da shi gaba da gaba. Leƙa ƙarƙashin mazaunin batir, nan ruwan batir yake ɗiga ya ci ƙarfe a ɓoye. Injin ana gyarawa ana ma canjawa, amma firam in ya tafi babur ya tafi.

Kuma ka ƙirga abin da babu. Murfin gefe, kes ɗin sarƙa, mita, salansa ta asali, akwatin filtar iska, waɗannan ƙananan abubuwan da mai sayarwa zai ce maka "ai suna nan gida zan nemo maka" su ne suka fi wuyar samu, kuma ba zai nemo ba. Ni a wurina cikakken babur da ba ya tashi ya fi mai tashi wanda rabin jikinsa babu.

Me kake so ya zama

Zauna ka yanke wannan tun yanzu. Ko dai so kake ya tashi lafiya kana hawa da tsohon fentinsa, ko ka gyara ka yi masa kwalliya daidai gwargwado, ko kuma ka mayar da shi tamkar ranar da ya fito daga kamfani, kowane noti irin na asali. Na ukun nan aiki ne na shekara ko fiye, kuma in don ka sayar ka ci riba ne da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Duk lissafin da ka yi na kuɗi da lokaci, ka ninka shi biyu ka ajiye a ranka.

Wuri kuma ya zama inda ruwa ba ya taɓawa, inda za ka iya barin aiki a buɗe ka dawo gobe ka tarar ba wanda ya share maka washa da bol-bol ɗin boris. Iska ta riƙa shiga, saboda fetur da hayaƙin salansa, hayaƙin nan a rufaffen ɗaki kisa yake kuma ba ya sallama.

Kayan aiki ba sai da yawa ba. Sufanu da soket na 8, 10, 12, 14, 17 da 19 sun gama da yawancin baburan Japan, sai sufanar fulogi, filaya, gudumar roba, buroshin waya, fila geji na auna bawul, da maltimita ko mai araha ce. Abu biyu ne nake so ka ba muhimmanci. Na ɗaya sukundireba: sukurorin baburan Japan masu kan kuros ba irin na Phillips ba ne, wani tsari ne da ake ce wa JIS, wasu ma za ka ga ɗan ɗigo a kansu, in ka sa musu sukundireban gama-gari sai ya zame ya cinye kan, shi ya sa kusan duk tsohon babur za ka tarar da sukurorin murfin injin sun zama kamar an tauna. Na biyu sukundireban bugu, wanda ake dukan bayansa da guduma ya juya. Sannan ka nemo littafin gyara na ainihin samfurin babur ɗinka, da yawa suna intanet, duk lambar da zan faɗa a ƙasa in ta saɓa da ta littafin to ta littafin ce gaskiya.

Hoto, wanka, rubutu

Kafin ka taɓa komai ɗauki waya ka yi ta ɗaukar hoto, hagu dama, ta inda kebul ɗin totur ya bi, ta inda damin wayoyi ya ratsa firam, yadda sifirin ɗin birki ya maƙale. Hoto ɗari ba su yi yawa ba. Sai ka toshe bakin salansa da mashigar iska da leda ka wanke shi, kananzir da buroshi a wajen maiƙo, sabulu da ruwa a sauran. Wankan nan ba don kyau ba ne, wurin wanki ne hannunka zai bi ko'ina ka gano tsagewa da notin da ya karye da inda mai ke tsiyaya. Duk abin da ka gani rubuta a littafi. Ka gama, fesa man narkar da tsatsa a duk notin da ka san za ka kwance nan gaba, musamman biyun nan da suka riƙe salansa a kan silinda, ka bar su suna sha kwana da kwanaki.

Yanzu sai tada injin, amma a hankali

Kar ka zuba fetur ka hau dukan kik. Injin da ya yi shekaru a kwance bangon silindarsa a bushe yake ƙayau.

Fara da baƙin mai. Kwance notin ƙasa ka tara shi a faranti mai faɗi ka duba da kyau. Baƙi ƙirin ba komai, tsufa ne. In ya yi fari-fari kamar an dama, ruwa ya shiga. In yana warin fetur kuma ya tsinke, kafireta ce ta riƙa zubarwa ciki. In ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe ko ɓarɓashi to ka fara shirin buɗe injin. A CG125 akwai wani babban murfi na sufana 24 a gefen hagu can ƙasa, bayansa sifirin ne da 'yar rariya kamar hular yatsa, mutane da yawa sun yi shekaru suna canja mai ba su taɓa ciro ta ba, ka wanke ta da kananzir ka duba me ta tare, ita ce za ta gaya maka tarihin injin ɗin. Zuba sabon mai, 10W-40 ko 20W-50 yadda littafi ya ce, amma ka tabbata na babur ne mai alamar JASO MA a jikin galan, don kulocin yawancin babura a cikin mai yake wanka kuma wasu mayukan mota na zamani suna sa shi zamewa.

Cire fulogi, ɗiga mai kamar cokalin shayi ɗaya a ramin, sa shi a firi, ka danna kik da hannu ba da ƙafa ba. In ya juya sumul madalla. In ya cije kar ka hau kai da ƙarfi, ringi ne ya manne da tsatsa, cika ramin da man narkar da tsatsa ka bar shi kwana uku ko sati, sannan ka sa giya ta sama ka riƙa girgiza tayar baya gaba da baya a hankali. Wani yakan saki da ɗan "ƙas", wani kuma sai an cire kan silinda.

Ya juya, sai matsi. In kana da geji ka ɗaura a ramin fulogi, ka murɗe totur har ƙarshe, wannan mutane suna mantawa sai su samu lamba ƙasa su tsorata a banza, ka daki kik sau biyar shida har allura ta tsaya. Ƙaramin injin mai lafiya yakan ba da 120 psi zuwa sama, in ya faɗo ƙasa da 90 tashi zai yi wuya. Akwai dabara a nan: ƙara ɗiga mai a ramin ka sake gwadawa, in lambar ta yi tsalle to ringi ne ya ci, in ba ta motsa ba bawul ne ke yoyo. Kafin ka yanke wa bawul hukunci ka auna tazararsa injin yana sanyi, ka juya magnito har alamar T ta zo daidai da tsagar da ke jikin kes a zagayen da bawul biyun suke rufe, Cub yawanci 0.05mm ne, CG125 kuma 0.08mm. Bawul da aka ɗaure tamau ba ya rufewa, na sha ganin injin da aka ce ya mutu alhali minti goma na saiti kawai yake nema. In ba geji, toshe ramin da babban yatsa ka sa wani ya danna kik, injin mai rai zai ture yatsan da ƙarfi.

Sai wuta. Sa sabon fulogi a hularsa, tazarar bakinsa 0.6 zuwa 0.7mm a yawancin irin waɗannan, ka jingina ƙarfensa da jikin injin nesa da ramin, kunna makulli ka daki kik a inuwa. Shuɗiyar wuta mai ƙara "tas tas" kake nema. Kar ka riƙe ƙarfen da hannu, kowa sau ɗaya yake yin wannan kuskuren. In ba wuta fara da masu sauƙi, makulli, makashin da ke hannu in akwai, hular fulogi wadda ake warwarewa a datse kan wayar kaɗan a mayar. Tsofaffi sosai masu kwantak ne, wato ɗan bakin ƙarfen da ke buɗewa da rufewa ya sa fulogi ya ba da wuta, buɗe ka goge bakinsa da sanfefa mai laushi ka saita shi 0.3 zuwa 0.4mm, na baya-bayan nan kuma CDI ne, ɗan akwatin lantarki da ya maye gurbin kwantak, shi ba a gyara shi sai canji, amma kar ka yi saurin zarginsa kafin ka auna kwail da wayoyin da ke zuwa gare shi.

Na ƙarshe fetur, kuma a nan ne aikin yake. Tsohon fetur in ya bushe yakan bar wani danƙo mai wari kamar fenti da ke toshe komai. Kar ka yi amfani da tankin tukuna, rataya 'yar gora mai tiyo da sabon fetur. Ciro kafireta, shimfiɗa farin tsumma a tire, kwance kwanon ƙasa, zare fil ɗin fulot ka ciro shi da 'yar allurarsa, ka kwance jet biyu, 'yan sukurorin nan masu rami da fetur ke bi, babba da ƙarami. Ƙaramin nan shi ke riƙe silo, raminsa ɗan tsurut ne, kuma shi ne dalilin da ya sa babur zai tashi da cok ya mutu da zarar ka saki. Ɗaga shi saitin haske, in ba ka ga zagayayyen haske tsaf ba bai wanku ba. Jiƙa shi a maganin wanke kafireta ka hura da iska, in ya ƙi ka zare silin waya guda mai laushi ta tagulla ka zira, ban da allura ban da ƙusa, in ka faɗaɗa ramin ka ɓata shi har abada. Sukurun iska da ke gefe kuma kafin ka cire shi ka murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya zauna, ka rubuta, galibi wajen ɗaya da rabi ne, haka za ka mayar. Fulot ɗin ka girgiza shi kusa da kunne, in ka ji ruwa a ciki ya huje. Duba robar da ta haɗa kafireta da injin, in ta tsage iska za ta riƙa sata. Soson filtar iska kuwa in ka taɓa ya zama gari to ka share shi tas kafin injin ya zuƙe.

In tu-sitirok ne akwai ƙarin abu biyu. Kar ka yarda da famfon man da ke jikinsa sai ka tabbatar yana turawa, a gwajin farko ka haɗa man tu-sitirok a cikin fetur ɗin gorar. Sannan sil ɗin da ke gefe biyu na kuransha, ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan injin, yakan bushe in an daɗe ba a tada ba, alamarsa silo ya riƙa hawa da kansa ya ƙi sauka, in ka ci gaba da hawa a haka fistin zai narke.

To yanzu ja cok ka daki kik. In ya tashi zai yi hayaƙi sosai saboda man da ka ɗiga, bar shi minti biyar zuwa goma, kar ka yi ta zuga totur. Kasa kunne. Ɗan "cik-cik" daga sama bawul ne, mai sauƙi. Ƙara mai nauyi daga ƙasa kamar ana buga guduma a cikin tukunya, wannan kuransha ce ko kwanrod, sandar da ta haɗa ta da fistin. Shuɗin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa bayan injin fo-sitirok ya yi zafi, ringi ne ko sil ɗin bawul. Yana kan jak tayar baya a sama ka shiga giya ɗaya bayan ɗaya. In ka matse kuloci taya ta ƙi tsayawa farantan ne suka manne saboda zama, kashe injin ka sa giya ka matse hannun ka yi ta tura babur gaba da baya, yawanci suna saki. Ɗora maltimita a kan batir ka ɗan ƙara totur, mai 12V ya kamata ya nuna 13.5 zuwa 14.5, wasu tsofaffin kuma 6V ne, ka duba kafin ka sayo batir ko ƙwai.

Yanzu ka san abin da ka saya. Koma littafinka ka raba aikin: wanda dole, wanda zai iya jira, wanda sha'awa ce kawai.

Warwarewa, kashi-kashi

Kowane ɓangare da ledarsa, ka rubuta sunan a takarda ka jefa ciki, don rubutun jikin leda mai yana goge shi. Notunan murfin injin tsayinsu ba ɗaya ba ne, zana siffar murfin a kwali ka huda ka soke kowanne a gurbinsa. Duk wanda za ka iya mayarwa raminsa bayan ka cire abin da ya riƙe, mayar. Kuma kar ka yar da tsohon abu sai sabon ya zo ka gwada su gefe da gefe, jabu ya yi yawa, wani lokacin tsohon na asali in an wanke ya fi sabon da ka sayo.

Notin da ya cije, mai da haƙuri, ɗan bugu a kai, zafi in wurin ba fetur, ka ɗan ɗaure kaɗan sannan ka kwance. In ka ji ya fara laushi yana juyawa kamar danƙo tsaya, karyewa zai yi.

Ranar da za ka sauke wuyan babur ka shimfiɗa tsohon bargo a ƙasa. Da yawa daga cikin tsofaffin nan bol-bol ɗin boris ɗinsu a sake suke, kana sassauta babban notin za ka ji "tararara" sun watse, ni na taɓa kwana ina neman guda biyu da tocila. Ƙirga na sama daban na ƙasa daban. In mazauninsu ya yi ramuka canja duka, shi ne ke sa kan babur ya riƙa maƙalewa a tsakiya.

Abin da ke riƙe ranka

Taya da birki ba a yi musu rowa. Tsohuwar taya mai sauran zane kyan ɗan maciji ce, robar ta ƙandare ba ta kama titi. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen layin rubutun da ya fara da DOT, misali 2316 na nufin sati na 23 a shekarar 2016, in lamba uku ka gani to kafin 2000 aka yi ta, wannan ko gwaji kar ka yi da ita. Canja taya da tib da robar da ke rufe kan sifok. Sifok ɗin ka bi su da sufana kana ƙwanƙwasawa, mai lafiya yana "tin", wanda ya saki yana "daf". Boris ɗin wili ka juya da yatsa, in ka ji yashi-yashi canja.

Birkin kwano, buɗe ka canja shu ko da ka ga da sauran nama, gam ɗin da ya manne fatar da ƙarfe yakan saki da tsufa, in ta ɓalle kana tafiya taya kullewa take. Ƙurar ciki kar ka hura ta da baki ko iska, tsofaffin shu wasu da asbestos aka yi su, jiƙa tsumma ka goge. In na faifai ne zubar da tsohon ruwan birki gaba ɗaya, yana zuƙar danshi, shi ya sa ake canja shi duk shekara biyu, kuma ka kiyaye kar ya ɗiga a fenti, cinyewa yake. Kebul duka sababbi. Sarƙa ka ja ta daga bayan sifaket ɗin baya, in ta ɗago har ka ga fiye da rabin haƙori ta gama, a canja ta tare da sifaket biyun, kilif ɗin mahaɗa kuma rufaffen kansa ya kalli inda sarƙar ke tafiya. Shok ɗin gaba sabon mai da sil, amma in ƙarfen ya yi tabon tsatsa a wurin da sil ke bi sabon ma yagewa zai yi.

Tanki da wayoyi

Leƙa tanki da tocila, ba da ashana ba. Tsatsa kaɗan, cire famfon mai ka toshe ramin, zuba notuna ɗan dunƙule waɗanda ka ƙirga da kananzir ka yi ta jijjigawa, ka juye, sannan ka cika da ruwan khal ya kwana ɗaya ko biyu, ɗauraye, busar da shi nan take ka ɗan zagaya mai a ciki don sabuwar tsatsa ba ta jira. Sa ƙaramar filta a tiyo. In ya huje kai wa wanda ya san aikin, tankin da ya yi shekara ba fetur ma yana iya fashewa in wutar walda ta taɓa shi.

Wayoyi kuwa yawancin matsalarsu datti ne a mahaɗa da kuma at, wato wayar da ke mayar da wuta jikin firam, da ba ta kama firam ɗin da kyau, sai mutum ya bar jaki yana dukan taiki, ya canja kwail ya canja CDI alhali kan waya ɗaya ne ya yi kore. Zare kowace mahaɗa ka goge ka mayar. Duk inda ka ga an murɗe waya biyu an naɗe da salatif, warware ka yi haɗi na gaskiya. Kuma launi ya bambanta, a Honda kore ne at, a Yamaha baƙi, a Suzuki baƙi mai farin layi, kar ka ɗauki ilimin wani ka kai wa wani. Fis ɗin da aka maye gurbinsa da silin waya, cire shi yau.

In dole sai an buɗe injin

In matsi ya yi kyau, ba hayaƙi ba ƙara, ka bar shi a rufe, ba kowane injin ne ke buƙatar tiyata ba. In sama ce kawai, cire kai da silinda, cusa tsumma a bakin kes kafin ka taɓa kilif ɗin fil ɗin fistin, in ya faɗa ciki sai an raba injin biyu. Kai silinda wurin masu aunawa, in ta ci za a yi mata bori a sa fistin mai ƙarin 0.25 ko 0.50mm. Wurin mayarwa bakin ringi kar su haɗu a layi ɗaya, alamar IN a kan fistin na Honda ta kalli ɓangaren kafireta, gaskit da kilif sababbi, notunan kai a ɗaure su a gicciye kaɗan-kaɗan. Ƙananan notuna masu kan sufana 8 ko 10 da ke shiga alminiyam wajen 10 Nm kawai suke so a ma'aunin ƙarfin ɗauri, hannu mai nauyi ya kashe zare da yawa. Raba kes na ƙasa kuwa in karon farko ne ka nemi gogaggen makanike ka zauna kusa da shi.

Fenti da haɗawa

Firam za ka fara yi tunda komai a kansa yake hawa, kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, goge maiƙo, fentin ƙasa sannan na sama, ka toshe ramukan zare kuma ka bar lambar firam tana karantuwa. Inda wayar at ke ɗaurewa ka kankare fentin wurin. Daga nan wuya da shok, ƙafafu, injin, wayoyi, kebul, kowane aksil da ɗan giris. Tanki da murfin gefe su ne na ƙarshe don kar sufana ta karce su. Fentin gwangwani na gama-gari fetur na narkar da shi a ɗigo ɗaya, tanki yana son fenti mai haɗin hadina, sinadarin da ke sa shi ya yi tauri, shi kuma tururinsa guba ne, ba a fesa shi sai da abin rufe numfashi na gaske, in ba ka da shi ba wa mai fenti.

Ranar fita ta farko bi duk notin da ke jikinsa da sufana tun daga gaba har baya, musamman aksil da birki da fil ɗin da ke kulle su, duba iskar taya, sakin sarƙa kamar 20 zuwa 30mm a tsakiya, tura shi da ƙafa ka matse birkin gaba da na baya ka ji sun kama. Sa hular kwano, zagaya kusa inda in ya mutu za ka iya turo shi gida, minti goma ya isa. Dawo ka kafe shi a kan kwali mai tsabta, da safe kwalin zai nuna maka inda yake ɗiga. In ka sa sabon ringi, kilomita 500 na farko kar ka murɗe totur har ƙarshe kuma kar ka daɗe a gudu ɗaya, daga nan ka juye mai, ka sake auna bawul, ka sake bin notunan kai da na salansa, za ka tarar wasu sun ɗan saki.